Shekarun Kifin Zinariya: Me Ido Zai Iya Gani, Kuma Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Wasiƙun da suka shigo wannan karon sun karkata ne ga kifin ado, musamman ɗan jan nan mai ruwan zinariya da masu shago ke kira golfish. Na zaɓi biyar daga ciki, domin kusan kowace a cikinsu akwai kuɗin da ake shirin fitarwa, kuma shekarun kifin ne ke tsaye a tsakiyar shawarar.

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar kifin zinariya biyu cikin akwatin gilashi a falonsa. Babu wanda ya san lokacin da ya saye su. Ƙannena sun ce tun suna sakandare suke ganin kifi a wurin, amma ba su da tabbacin ko waɗannan ne ko an taɓa sauyawa. Yanzu akwatin ya fara yoyo ta kusurwa. Ina so in sayi sabo babba, maigidana ya ce asarar kuɗi ce tunda kifayen sun tsufa. Rago dai haƙoransa ake dubawa a san shekarunsa. Shi kifi me ake dubawa? — Wata uwargida daga Kaduna

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Kifin zinariya yana da haƙora, sai dai ba a baki suke ba. Can cikin maƙogwaro suke, da su yake niƙa abinci, kuma yana zubar da su wasu na maye gurbinsu har ƙarshen rayuwarsa. Ko da an leƙa an gan su ba za su gaya miki komai ba. Babu kuma mahalukin da zai kalli rayayyen kifi ta bayan gilashi ya ce miki shekararsa kaza cif. Abin da ido zai iya shi ne ya gane ko kifin bai kai shekara ba, ko ya balaga yana cikin ƙarfinsa, ko tsufa ya fara kama shi. Wannan ɗin ma ya ishe ki yanke shawara.

Masu nazarin kifi suna da hanyoyinsu, kuma ya kamata ki san su don kada wani ya zo ya ruɗe ki da rabinsu. Ta farko ita ce ɓawon jiki. Kifi ba ya ƙara yawan ɓawonsa idan yana girma. Kowane ɓawo ne ke faɗaɗa tare da shi, yana ƙara siraran zobba a bakinsa. Lokacin da abinci ya wadata, ruwa kuma ya yi ɗumi, zobban sukan fito da tazara a tsakaninsu. Idan sanyi ya sauko girma ya ja baya, sai su matse kusa da juna. A China da Turai da arewacin Amurka, inda ruwan tafki kan yi ƙanƙara, kifin da ke waje yana samun wannan matsewar sau ɗaya a shekara, don haka sai a sa ɓawon ƙarƙashin gilashin ƙara girma a ƙirga. Amma kifin da ya yi rayuwarsa a falo a Kaduna, ana watsa masa abinci safe da yamma, ruwansa bai taɓa yin sanyin da zai tsayar da shi sosai ba. Hunturunmu na iya barin ɗan tabo, haka ma rashin lafiya, ko tafiyar da aka yi aka bar shi da yunwa, ko zubar da ƙwai. Mai ƙirga ba zai bambance tabon shekara da tabon wahala ba. Sannan ɓawon da ya taɓa faɗuwa ya sake tsirowa, tsakiyarsa fayau take, tarihin farko ya goge. A tsohon kifi kuwa zobban ƙarshe cunkushewa suke a baki, sai ƙirgar ta fito ƙasa da gaskiya. Saboda haka kada ki bari kowa ya fizge wa kifin ɓawo da sunan bincike. Ciwo ne za a buɗe masa a banza, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. In kin tsinci wanda ya faɗi da kansa a ƙasan akwatin, ki ɗaga shi a haske ki kalla don sha'awa, amma kada ki gina hukunci a kansa.

Hanya ta biyu ta fi inganci: akwai wani ɗan farin dutse a cikin kunnen kifi, can cikin kai, wanda ke ƙara shimfiɗa a hankali tsawon rai. Ba a kai gare shi sai kifi ya mutu, don haka ba tamu ba ce.

Ga abin da za ki iya da hannunki. Ki samu rula ki manna ta a jikin gilashin daga waje, ki jira kifin ya gifta daf da ita, ki ɗauki hoto da waya. Awon daga baki ne zuwa gindin wutsiya, ban da wutsiyar, domin tsawonta ya danganta da iri. Bayan wata uku ki sake. Kifi ba ya daina girma gaba ɗaya muddin yana raye, amma yawancin girmansa a shekara ɗaya zuwa biyu na farko yake yi, daga nan sai ya koma tafiyar da ido ba ya kamawa. Idan kin ga ƙari a fili cikin wata uku, yaro ne, ke nan an taɓa sauya su. Idan awon bai motsa ba, babba ne.

Alamun tsufa kuma su ne launi ya koɗe ya koma fari-fari ko ruwan azurfa, motsi ya ragu, ya riƙa daɗewa a ƙasa yana hutawa, ci ya ja baya, ido ya yi hazo, wani lokaci ƙashin baya ya ɗan karkace ko wani ƙullutu ya fito a jiki. Sai dai kowace daga cikin waɗannan, ruwa marar kyau ma yana kawo ta. Kifi mai shekara huɗu a gurɓataccen ruwa yakan yi kama da tsoho tukuf, a gyara masa ruwa mako biyu ya dawo yana zarya. Saboda haka kafin a yanke cewa sun tsufa, a fara gyara ruwan a gani.

To a ce ma sun kai shekara takwas ko tara. Kifin zinariya da ke samun kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15, wasu su haura 20. Wanda ya shiga kundin bajinta na Guinness, mai suna Tish, a wajen wasan baje koli aka samo shi kyautar cin wasa a Ingila a 1956, bai mutu ba sai 1999, yana da shekara 43, kuma kafin nan jansa ya riga ya koma ruwan azurfa. Ba kowane kifi ne Tish ba, amma ki gaya wa maigida cewa mai yiwuwa kifayen Baba rabin rayuwarsu kawai suka ci. Kuma kifin da ya kai wannan lokaci ya riga ya nuna jikinsa mai ƙwari ne.

Shawarata ki saya. Akwati mai yoyo ba abin jira ba ne, dare ɗaya zai iya buɗewa. In kuɗi bai kai ba a yanzu, mai haɗa gilashi zai iya like kusurwar da silikon, amma dole ya zama wanda aka yi don akwatin kifi. Na bayi da kicin akan sa masa maganin hana fumfuna, kuma yana kashe kifi. Ranar ƙaura, ki kwashe tsakuwar ƙasa da soson matatar ruwa yadda suke ki mai da su sabon gida, ki haɗa da rabin tsohon ruwan. Kada omo ko sabulu ya taɓa su. Wannan dattin da kike gani a soson, a cikinsa ne ƙananan halittun da ke cinye gubar fitsarin kifi suke zaune. Masu kifi da yawa sun rasa tsofaffin kifayensu a makon da suka sai musu sabon gida, saboda sun wanke komai tas don nuna ƙauna. In soson ya toshe, a ruwan da kika ɗebo daga akwatin za ki matse shi sau biyu ki mayar.

Malam barka da aiki. Ina so in sa akwatin kifi a wurin karɓar baƙi na ofishina. Wani mai sayarwa ya turo mini hotuna ta WhatsApp: babba ɗaya da ya ce shekararsa biyar, kuɗinsa ya ninka na ƙananan sau da yawa, sai ƙanana masu tsawon ɗan yatsa. Ya ce babban ya fi juriya saboda shekarunsa. In biya? — Wani ɗan kasuwa daga Kano

Alhaji, kada ka biya kuɗin shekaru. Ka biya kuɗin abin da idonka ya gani. Girman kifi labarin yadda aka ciyar da shi ne da faɗin ruwan da ya samu, ba shaidar haihuwa ba ce. Duk mai kiwon tarwaɗa ya san wannan: 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, bayan 'yan makonni wasu sun ninka wasu, har sai an ware su don kada manya su haɗiye ƙanana. Kifin zinariya ma haka yake. Wanda ya tashi a babban kududdufin kiwo, ruwa na sauyawa, abinci na sauka sau uku a rana, zai iya kai santimita 12 ko fiye kafin ya cika shekara biyu. Ɗan'uwansa da aka kulle a tulun gilashi zai iya shekara biyar bai wuce santimita 6 ba. Iyakar abin da jikinsa zai iya kuwa ya wuce tunanin mutane. A kogin Vasse da ke yammacin Ostireliya an kamo waɗanda aka saki suka yi kusan kilo 2, kuma a 2021 hukumar garin Burnsville a jihar Minnesota ta Amurka sai da ta roƙi jama'a su daina zuba kifayensu a tafki, bayan an ciro wasu ƙatti da suka lalata tsirran ruwan.

Ka kuma yi lissafi irin na kasuwa, wanda ka fi ni sani. Mai gonar kifi ba ya riƙe haja shekara biyar yana ciyarwa in zai iya sayar da ita a wata huɗu. Shi ya sa ƙananan da ke cika shaguna, masu santimita 3 zuwa 5, kusan duk 'yan watanni ne. Babba mai shekara biyar na gaske yawanci daga gidan wani ya dawo shago, kuma ya kamata a ji dalilin dawowar. Ka tambayi mai sayarwar: kai ka ƙyanƙyashe shi ko sarowa ka yi? Yaushe ya shigo hannunka, kuma yana wane girma? Wanda ya kiwata da kansa zai ba ka wata da shekara ba tare da inda-inda ba. Wanda ya saro ya ce bai sani ba, ya fi mini wanda ya yanko lamba daga kansa.

Akwai irin da jikinsu ke ɗan taimakawa. Oranda, mai tsiron nama a ka kamar hula, ba a haifarsa da hular. Takan fara fitowa yana 'yan watanni, ta ɗauki kimanin shekara biyu kafin ta cika. Idan aka nuna maka oranda mai cikakkiyar hula, ba jariri ba ne. Tsadarsa halal ce, domin an daɗe ana ciyar da shi kuma an tace shi daga cikin ɗaruruwa. Amma siffar kake biya, ba juriya ba. Masu dunƙulallen jiki da wutsiya biyu sun fi saurin kamuwa da matsalar ciki da ta iyo a kan masu dogon jiki da wutsiya ɗaya, komai shekarunsu.

Abin da za ka guje wa shi ne tsohon da ya tsumbure ana sayar da shi a matsayin yaro. Ana gane shi da ido: idanun sun yi wa kan girma, jikin gajere ne kai ya rinjaye shi, wani lokaci bayan ya ɗan lanƙwashe. Sannan ka duba gefen baki. In ka ga 'yan gashin baki guda-guda a kusurwa, wannan wani kifin ado ne daban da ake kira koyi, ba kifin zinariya ba. Suna kama ƙwarai suna ƙanana, amma koyi yakan wuce santimita 60, akwatin ofis ba zai ɗauke shi ba.

Saye ta hoto cinikin biri a sama ne. Ka je da ƙafarka, ko ka tura wanda ka yarda da idonsa. A ce a watsa abinci a gabanka: lafiyayye zai rugo. Fiffiken baya ya kasance a tsaye, ba a kwance a manne ba. Kada a ga jan jijiya a wutsiya ko bakinta a yage, kada kuma a ga matacce yana yawo a akwatin da za a ɗebo maka. In da ni ne, matsakaita zan ɗauka, masu santimita 6 zuwa 8. Sun wuce lokacin rauni, ba su yi tsada ba, kuma ka san shekarunsu ba su yi nisa ba. Ranar da ka kawo su ka rubuta kwanan wata da tsawonsu a takarda ka manna a bayan akwatin. Bayan shekara goma wannan takardar ce kaɗai za ta amsa tambayar da Hajiya ta Kaduna ta yi.

Ina yini Malam. Kifina ɗaya ya fito da fararen ƙuraje ƙanana a gefen kansa, kuma ya dami ɗayan da bi. Abokina ya ce cuta ce in sayi magani. Wanne zan saya? — Wani matashi daga Damagaram

Lafiya lau ɗana. Ka dakata da sayen magani, ka ɗauki tocila ka duba da kyau. Idan ƙurajen a kan murfin numfashi suke kawai, wato faifan nan da ke buɗewa yana rufewa a gefen kai, da kuma bakin gaba na fiffiken ƙirji, girmansu ɗaya, a jere kamar an tsara su, to ba cuta ba ce. Namiji ne ya balaga. Bin da yake wa ɗayan, yana tunkuɗar cikinta da baki, neman aure ne. Wannan kuwa na daga cikin alamun shekaru mafi tabbas da za ka samu: kifin zinariya yakan balaga yana kimanin shekara ɗaya, don haka naka ya kai nan ko ya wuce. Ƙurajen kan zo su tafi da yanayi. Macen kuma za ka ga cikinta ya cika, in ka leƙo ta sama sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu.

Cutar da abokinka ke nufi tana nan, kuma tana kisa. Ita ɗigonta kamar an barbaɗa gishiri ne, ba tsari, a jiki da wutsiya da ko'ina, yana ƙaruwa kullum, ya kuma bazu zuwa sauran kifin. Mai ita yakan goga jikinsa a tsakuwa, ya manne fiffikensa, ya daina ci. In wannan ka gani, ka nemi maganin farin ɗigo a shagon kifin ado, ka bi awon da aka rubuta a kwalbar, ka kuma cika kwanakin ko da ɗigon ya ɓace, domin maganin ba ya kashe ƙwayar tana manne a jiki, sai ta sauka cikin ruwa. Zuba magani ga lafiyayyen kifi kuwa wahalar da shi ne kawai.

In bin ya yi yawa har macen ta galabaita, ka raba su kwana biyu ta huta.

Malam, na sai wa yarana baƙin kifi mai fitattun idanu. Yanzu cikinsa ya fara komawa ja. Mai shagon kuma ya ba su kyautar wasu ƙanana masu launin ƙasa ya ce za su yi ja, har yau shiru. Rini aka yi wa baƙin? An cuce ni ne? — Wata malamar makaranta daga Jos

Malama, ba a cuce ki ba. Asalin wannan kifin ba ja ba ne. Kakansa kifin kogi ne mai launin toka da ƙasa-ƙasa a China, wanda ake kamawa don ci. Fiye da shekara dubu da suka wuce mutanen can suka lura da 'yan tsirarun da ke fitowa ja ko rawaya, suka riƙa ware su a kududdufai, kuma zuwa zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, kiwonsu ya kafu. Daga baya ya isa Japan, ya shiga Turai a ƙarni na 17. Har yau kowane ɗa da launin kakansa yake fara rayuwa. Bayan 'yan watanni sai ya ƙara duhu, sannan jan ya fara hawowa daga ciki zuwa sama, bayan ne ke riƙe baƙin a ƙarshe. Yawanci kafin shekara an gama, wasu sukan kai shekara biyu, akwai kuma waɗanda ke mutuwa da launin ƙasarsu. Saboda haka ƙananan nan na kyauta, in suna da ɗan yatsa ko ƙasa da haka, mai yiwuwa ba su kai shekara ba. Ruwa mai ɗumi da haske suna gaggauta juyin, sanyin Jos kuwa yana iya jinkirta shi. A wani gefen wannan sanyin alheri ne gare ki, domin kifin zinariya ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 18 zuwa 23.

Baƙin mai fitattun idanu shi ma abu ne sananne a irinsa: baƙin launi ba ya da tabbas, da yawa sukan juye ruwan tagulla ko ja yayin da suke manyanta, kuma ba sa komawa. Lafiyarsa ƙalau. Abu ɗaya za ki kiyaye masa, ganinsa ba shi da ƙarfi, idanun kuma suna saurin jin ciwo. A cire duk wani ado mai kaifi daga akwatin, a kuma tabbata yana samun rabonsa, don masu dogon jiki sukan riga shi cinye abincin.

Inda za ki damu shi ne akasin haka: jan kifi babba ya wayi gari da baƙin tabo a bakin fiffike ko a jiki. Sau da yawa wannan tabon ƙunar amoniya ne, wato gubar da kifi ke fitarwa cikin ruwa, da ke warkewa, alamar ruwan ya gurɓace a kwanakin baya.

Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne. Shekara biyu ke nan ina da kifi ɗaya a cikin ƙwaryar gilashi, bai ƙara girma ba. An ce mini kifi daidai mazubinsa yake girma, kuma shekara biyu ce iyakar ransa, in shirya sayen wani. Gaskiya ne? Kuɗina kaɗan ne, wuta kuma ba ta zama. — Wani ɗalibi daga Sakkwato

Ƙanena, kifinka ko ƙuruciya bai gama ba. Shekara biyu ba iyakar ransa ba ce, iyakar abin da ƙwaryar ke bari ne. Maganar girma daidai mazubi kuma akwai gaskiya a cikinta, amma gaskiya ce mai ɗaci: ya tsaya ne don ruwan ya yi masa kaɗan. Wannan kifin ba shi da tumbi irin namu, abinci wucewa yake ta hanji da sauri, yana fitar da ƙazanta mai yawa, amoniya kuma tana fita ta wurin numfashinsa dare da rana. A lita huɗu ko biyar, cikin abin da ya fitar yake kwana. Bakin ƙwaryar kuma ƙunci ne da shi, alhali ta saman ruwa iska ke shiga. Saboda irin wannan ne birnin Rum na Italiya ya hana ajiye kifi a ƙwaryar gilashi a 2005. Mu kuma mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Dabbar da ka ajiye amana ce a wuyanka, kuma tambayar da ka yi ta nuna ka damu da ita.

Kada ka sayi wani kifin. Ɗan kuɗin ka sai wa wannan wuri. Ba dole sai gilashi ba. Sabon baho na roba mai faɗi, wanda sabulu bai taɓa shiga ba, ya fi ƙwaryar nan nesa ba kusa ba, kuma tun asali ta sama Sinawa ke kallon kifinsu a manyan tukwane. Ka nemi wanda zai ci jarka uku ta 'yan garuwa, kimanin lita 75. In mai dogon jiki ne da wutsiya ɗaya, nan gaba zai buƙaci fiye da haka, domin irinsa kan kai santimita 25 zuwa 30. Ka rufe shi da raga saboda kyanwa da kuma tsalle.

Zafin Sakkwato ne babban abokin gabarka. A Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ruwa yakan ɗumame, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai, ga shi a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta. In ka gan shi a sama yana haɗiyar iska da asuba, ya shiga matsi. Ka ajiye bahon a ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Akwai ƙaramin injin hura iska mai aiki da igiyar cajin waya, wanda fawa bank ke iya riƙewa tsawon dare. Shi ne abu na biyu da za ka saya bayan bahon. Kada ka jefa ƙanƙara a ruwan, sauyin zafi farat ɗaya ya fi zafin kansa illa.

Kowane mako ka kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan daga ƙasa, inda dattin ke kwanciya, ka zuba sabo. Tunda ba ka da matata, a lokacin zafi ka yi sau biyu. In ruwan famfo ne, ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni don kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita, a ɗakin da kifin yake don zafinsu ya zo ɗaya. Abinci kuwa abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, ban da burodi da tuwo. Ka auna shi ranar ƙaura. Kifi mai shekara biyu da ya tsumbure yakan sake kama girma idan ya samu wuri, ko da ba zai kamo 'yan'uwansa ba, kuma cikin wata uku zuwa shida rular za ta nuna maka.